Kachala a Fadama: Yadda Gari Zai Haɗa Kai Ya Ƙwato Ruwansa da Gonakinsa

Kachala, wadda a wasu wuraren ake kira shalla, doguwar ciyawa ce ta ruwa da ke cinye fadama da tafki da magudana idan aka ƙyale ta. Wannan bayani naka ne, kai manomin da ke da fegi a bakin Gulbin Zamfara, tun daga ƙasar Anka, ka biyo ta Bukkuyum har Gummi, da kuma shugabannin ƙungiyoyin manoma na ƙananan garuruwa irin su Tungar Daji. Abin da ya kamata ka riƙe tun farko shi ne, mutum ɗaya ba ya kashe kachala. Ko ka share fegenka tas, muddin ta maƙwabcinka na tsaye, za ta dawo maka ta ƙarƙashin ƙasa, iska kuma ta kawo maka irinta. Aiki ne na gari, yana da lokacinsa, yana da yadda ake yin sa, kuma sai an maimaita.

Yadda za ka gane ta

Ganyenta dogo ne, siriri, mai faɗi kamar takobi, duk daga gindi ɗaya yake fitowa. Idan ta samu wuri tsawonta yakan kai mita 2 zuwa 3, har ya wuce, ta yadda mutum zai shige ba a hango shi ba. Idan ka yanka ganyen a tsakiya za ka ga cikinsa ƙofa-ƙofa kamar soso. Ka riƙe wannan, domin nan ne lagonta yake.

Idan ta girma tana fitar da kai mai ruwan ƙasa, dogo, kamar zangarniyar gero. Da ya bushe sai ya fashe, wani abu kamar audugar rimi ya tashi cikin iska. Kowane ɗan gashi yana ɗauke da ƙwayar iri, kuma kai ɗaya tak yana iya ba da iri fiye da dubu 100.

A cikin laka kuwa tana da saiwa mai kauri wadda ke tafiya a kwance, mai gaɓa-gaɓa kamar citta. A nan take ajiye abincinta, kuma kowace gaɓa tana da ido da zai iya tsirowa. Abin da kake gani a sama ganye ne kawai, ran ciyawar yana ƙasa.

Kada ka haɗa ta da burugu, wanda abincin shanu ne mai kyau, ko jema da ake saƙa zana da ita wadda kuma ke riƙe gaɓar ruwa. Waɗannan ba abokan gaba ba ne, a bar su. Kainuwa da bado su kuma a saman ruwa ganyensu yake kwance, ba sa miƙewa.

Abin da ke sa ta mamaye wuri

Kachala ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni akwai ta a gefen tafkuna, ana yanka ana saƙa. Abin da ya canja shi ne ruwa. A da, fadama takan cika da damina ta bushe ƙaƙas da bazara, wannan bushewar ce ke taka mata birki. Abu uku take so: ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa duk shekara, laka mai taki, da fili buɗaɗɗe da rana ke bugu. Duk inda waɗannan suka haɗu, to ta samu gida.

Misalin da ya fi kowanne girma a Arewa shi ne fadamar Haɗeja da Nguru. An kammala madatsar ruwan Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Daga nan kogin da ke ƙafewa da rani ya koma yana gudana duk shekara. Kachala ta cika hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, wasu rassan kogin irin su Burum Gana suka toshe. Ruwan da ya rasa hanya ya karkata ta mashigar Marma zuwa wajen Nguru, ya kwanta a kan gonaki da hanyoyi, yayin da wasu garuruwan da ke can ƙasa suka rasa ruwan da suka saba noma da shi. Ciyawa ɗaya ta jawo wa wasu ambaliya, ta jawo wa wasu fari.

Haka ta faru a kogin Senegal bayan gina madatsar Diama a 1986, wadda ta hana ruwan gishiri shigowa daga teku, kachala ta rufe dubban kadada a ɓangaren Senegal da Muritaniya. A jihar Florida ta Amurka kuwa, takin zamani da ke wankowa daga gonakin rake ne ya ciyar da ita har ta kori ciyawar asali a wani yanki na babbar fadamarsu. Nan kusa da mu, a aikin noman rani na Bakolori da ke wajen Talata Mafara, inda aka kammala madatsar a 1978, yashe magudanan da ciyawa da laka suka toshe yana daga cikin manyan ayyukan gyara.

Kada ka ce ai garinmu ba madatsa, ba ruwanmu. Abin da madatsa ke yi a babba, mu ma muna yin sa a ƙarami. Injin ban ruwa da aka bari yana malala a ƙarshen fegi, kwalbatin da ya toshe ya tare ruwa a gefen hanya, kududdufin da aka haƙa don tubali, ramin da masu haƙar ma'adinai suka bari, duk wuraren kwanciyar ruwa ne. Ambaliya irin wadda ta auka wa Gummi a watan Agustan 2024 takan bar sabuwar laka a fili, ta kuma ɗauko guntayen saiwa daga wani wuri ta yar a wani. Sannan ga fadamun da rashin tsaro ya hana a noma shekara biyu ko uku. Filin da ba a taɓa ba yana jiƙe, shi kachala ta fi so.

Ɓarnar da take yi

Ta farko, cin ƙasa. Fegin shinkafa ko na albasa da ta shiga, cikin 'yan shekaru sai ya gagari garma. Ta biyu, toshe hanyar ruwa, wanda ke sa ruwa ya kwanta inda ba a so, ya kasa kaiwa inda ake jira. Ta uku, ita ce masaukin jan baki. Tsuntsayen nan a cikinta suke kwana, da asuba su faɗa wa shinkafa da gero da dawa, har gonakin tudu waɗanda masu su ba su da ko taƙi ɗaya a fadama. Ta huɗu, ruwan da ya tsaya a cikinta matattarar sauro ne da ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsargiya, ciwon da ke sa yara fitsarin jini, da kuma masu ɗauke da tsutsar hanta ta shanu da tumaki. Masunci ba ya iya jefa birgi ko tura jirgi a cikinta. Makiyayi kuma idan mashaya ta rufe, dole ya nemi wata hanyar zuwa ruwa, sau da yawa ta cikin fegin wani, daga nan rigima ta tashi.

Ka ga ke nan ba mai fadama kaɗai abin ya shafa ba. Wannan ita ce hujjar da za ka kai gaban mai gari idan wasu suka ce ba da su ba.

Abubuwan da ba sa kashe ta

Sara a saman ruwa. Wannan aski ne kawai, cikin 'yan makonni za ta toho, wani lokaci ma ta fi da kauri.

Ƙonawa kaɗai. Wuta tana cin busasshen ganye, ba ta kai ga saiwar da ke cikin laka. Tokar ma taki ce gare ta, ga rana ta samu hanyar shiga.

Kaftu ko tarakta a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Kana daddatsa saiwar ne kana shuka ta da hannunka, kowane guntu mai ido sabuwar ciyawa ne.

Maganin feshi mai ƙona ganye nan take, irin su farakwat. Ganye zai yi ja ka ɗauka an gama, saiwa na nan lafiya lau. Ga shi guba ce mai kisa, hukumar NAFDAC ta sanar da haramta shi daga shekarar 2024.

Hanya ta farko: yanka a ƙarƙashin ruwa

Ka tuna ƙofofin nan na cikin ganye? Ta nan saiwa ke shaƙar iska, domin laka ba ta da iska. Ganye ɗanye da busasshen kara da ke tsaye a saman ruwa, duk hancinta ne. Idan aka yanke su duka a ƙarƙashin ruwa, ruwan kuma ya ci gaba da rufe kututturen, saiwar takan shaƙe ta ruɓe. Wannan ita ce hanya mafi arha kuma mafi inganci a tafki ko magudanar da ba ta ƙafewa. Ga ƙa'idojinta:

1. A yanka aƙalla taƙi ɗaya ƙasa da fuskar ruwa, wato kamar santimita 20. Idan an samu fiye da haka ya fi.

2. A yanke duka, har da busassun kara. Tsibiri ɗaya da aka bari a tsaye zai riƙa shaƙo wa na kusa da shi iska, tunda saiwarsu a haɗe take.

3. A zaɓi lokacin da ruwa ke ƙaruwa ko yake tsaye, ba lokacin da yake janyewa ba. Idan kuka yanka a ƙarshen kaka, ruwa ya ja baya cikin mako biyu kututture ya leƙo, aikin ya tashi a banza. A tafkunan da ruwan sama ke cikawa, daga farkon damina zuwa tsakiyarta ya fi dacewa.

4. Idan da hali, a daidaita da lokacin da ta fara fitar da kai. A sa'an nan ta kwashe abincin da ke cikin saiwa ta kai sama, ƙarfinta ya ragu. Ku duba ciyawar da idonku, ita za ta gaya muku lokacin.

5. A koma bayan mako 3 zuwa 4 a sake yanke duk abin da ya leƙo, sannan a ƙara na uku. Yanka biyu zuwa uku a damina ɗaya yakan kashe mafi yawanta. Yankan farko shi ne mai wuya, na biyu da na uku ba su kai rabinsa ba, amma su ne ke kisan.

6. A kwashe abin da aka yanka a fitar tudu. Idan aka bar shi yana yawo zai ruɓe ya kashe kifi, ya kuma je ya toshe kwalbati.

Kafin a fara yankan, a sa wasu su bi su datse kawunan da suka nuna, a zuba a buhu a ɗaure, a ƙone. Kada a yi ta jan ciyawa mai busasshen kai a fili, shuka ce kuke yi.

Kayan aiki ba wasu baƙi ba ne: lauje da aka ɗaura wa doguwar ƙota, adda, manjagara, igiya, amalanke ko baro. Inda ruwa ya wuce ƙugu a bar wa masunta su yi daga cikin jirgi.

Hanya ta biyu: busarwa da tono

Wannan ta fegin da za a iya janye wa ruwa ne. A buɗe magudana tun da hunturu, a toshe duk inda ruwa ke tsiyayowa, a bar ƙasa ta bushe har ta tsattsage. A sare ganyen, a ƙone idan ya bushe don a samu hanyar shiga. Sai a shiga da garma ko sungumi a cikin zafin bazara, Maris zuwa farkon Mayu, a juyo saiwar sama. Ba ta cika yin nisa ba, galibinta tana cikin taƙi ɗaya zuwa kamu ɗaya na sama. A tsince da manjagara a tara a tudu inda ambaliya ba ta kaiwa, a shanya har sai ta karye ƙas idan an lanƙwasa. Bayan mako biyu a sake juya ƙasar a tsince ragowar.

Sirrin wannan hanya shi ne bushewa ta gaskiya. Idan fegin da ke sama da naka yana ban ruwa, ruwan yana biyowa ta ƙasa, wahala kawai za ka sha. Don haka dole masu fegi a layi ɗaya su yarda a kan shekarar da za a huta da ban ruwa a wannan ɓangaren, ko a gama noman rani da wuri.

Maganin feshi: yaushe, kuma ina

Magani mai gilaifoset, wanda ke bin ganye ya sauka har saiwa, yana kashe kachala idan an fesa a kan ganye kore lafiyayye bayan ta gama fitar da kai, lokacin da take mayar da abinci ƙasa. Ba ya nuna aiki nan take, sai bayan mako biyu zuwa uku, kuma kada a sare ta kafin nan. Amma a kiyaye. Yawancin wanda ake sayarwa a kasuwanninmu an haɗa shi ne don gonar tudu, abin da aka gauraya a ciki yana cutar da kifi da kwaɗi. Kada a fesa a tafkin da mutane ko dabbobi ke sha, ko inda ake su. Wurinsa shi ne fegin da ruwa ya janye. A duba lambar NAFDAC, a bi ma'aunin da ke jikin kwalba, mai feshi ya rufe jiki da hanci, kada a wanke tankin feshi a gulbi, kada kuma a mayar da kwalbar abin zuba mai ko ruwa. Feshi taimako ne a wuri mai wuya, ba ya maye gurbin gayya.

Yadda za a tsara gayyar

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma gayyar da ba tsari, rana ɗaya ce ta kiɗa da fura, a watse, ciyawa ta dawo. Ga abin da ya kamata ƙungiya ta yi:

A fara da zama a ƙofar mai gari. A kira sarkin noma, sarkin ruwa, arɗon Fulanin da ke shayarwa a wurin, liman, shugabar ƙungiyar mata da ta matasa. Wanda ba a kira wurin shawara ba, da wuya ya zo wurin aiki.

A zaga a ga iyakar abin. A kafa turaku a bakin kowane wuri da ta kama, a auna da igiya, magatakarda ya rubuta. Baɗi idan aka dawo, turakun za su nuna ko an ci gaba ko an koma baya, ba sai an yi gardama ba.

A fara da ƙanana. Mutane sukan so su faɗa wa babban dajin don a ga aiki. A'a. Ɗan tsibirin da ya tsiro bana mutum biyu za su tuge shi da hantsi, in an bar shi shekara uku sai mutum hamsin. A share ƙananan, sannan a riƙa cin babban daga gefe, ana ɗaukar abin da za a iya komawa a yanka sau uku. Gara kadada ɗaya da aka kashe da kadada biyar da aka yi wa aski.

A magudanar da ta toshe, a fara daga ƙarshenta a yo sama, don ruwan da aka saki ya samu hanya kada ya faɗa gonar wani. A gicciya tsohuwar koma ko igiya a ƙasa ta tare guntayen da ke tafiya.

A raba alhaki a fili. Kowa ya tsare gaban fegensa har tsakiyar magudana. Tafki, mashaya da kwalbati na gari ne, gayya za ta yi. A yanke tun farko wa ke da alhakin fegin aro, na haya da na jingina, mai shi ko mai nomawa. Gonar marayu, ta gwauruwa, ta tsoho, da ta wanda ya yi gudun hijira, gari ya ɗauke musu, domin in an bar ta, ita ce rumbun irin da zai dawo wa kowa. Inda mai fegi ya yi nisa, a nemi izininsa ta hannun mai gari a ba wani ya noma na wani lokaci, da shaidu, kada gyara ya zama ƙwace.

A sa ranaku uku tun zama na farko, ba ɗaya ba, a kauce wa ranar kasuwa da lokacin noman farko. A amince da tarar wanda ya ƙi fitowa ba uzuri, kuɗin su shiga asusun wasa lauje da abincin ma'aikata.

A tuntuɓi garin da ke sama da ku da wanda ke ƙasa. Ruwa bai san iyakar hakimi ba, iska ma haka. A Haɗeja da Nguru, garuruwa sun sha fitowa su buɗe hanyoyin ruwa da hannu, gwamnati ma ta sha kawo injinan yasa. Darasin da aka koya a can shi ne, duk inda aka buɗe aka tafi ba mai kula, takan sake rufewa.

Game da tsaro, a fara da wuraren da ke kusa da gari, a fita tare a dawo tare da rana tsaka, a bi shawarar mai gari a kan inda za a iya zuwa. Ba fegin da ya kai ran mutum.

Lafiyar masu aiki

Kada a sa yara cikin ruwan, aikinsu a tudu yake. Mai takalmin roba dogo ya sa. A bubbuga ciyawa da sanda kafin a shiga saboda maciji, wanda tsautsayi ya faɗa wa a kai shi asibiti kai tsaye, ban da tsaga ko tsotsa. Kada kowa ya yi fitsari ko bayan gida a ruwan, ta nan tsargiya ke yaɗuwa. A yi wanka da sabulu da ruwan rijiya bayan an fito. Wanda ya ga jini a fitsarinsa bayan wasu makonni ya je asibiti, akwai ƙwayar maganinta.

Gargaɗi na musamman ga garuruwan da gubar dalma ta shafa

A shekarar 2010 gubar dalma daga sarrafa dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Tungar Daji na cikin garuruwan da aka kwashe wa gurɓatacciyar ƙasa, tare da Dareta, Abare, Sunke, 'Yargalma, Tungar Guru, daga baya kuma Bagega. Dalma ba ta ruɓewa, wuta ba ta cinye ta, kuma takan kwanta a lakar kududdufin da aka taɓa wanke dutse a ciki. Saiwar kachala tana tara irin waɗannan ƙarafa.

Saboda haka, duk kududdufi ko rami da aka san an wanke dutse ko an zuba dusarsa, kada a tono lakarsa a kai gona ko a yi yaɓe da ita. Kada a ba dabba ciyawar wurin, kada a yi taki da ita, kada a ƙona ta a ɗebi tokar don miya ko gona. A tsaya ga yanka a ƙarƙashin ruwa, a binne abin da aka fitar a rami ɗaya nesa da gidaje da rijiya. Mata masu ciki da yara kada su kusanci wurin. Masu aiki su wanke jiki da kaya kafin su shiga gida. Kafin a taɓa lakar irin wannan wuri, a sanar da sashen lafiya na ƙaramar hukuma.

Amfanin abin da aka yanka

Daga ruwa mai tsabta, kachala ba shara ba ce. Ganyen da aka shanya ana saƙa tabarma da asabari da shi, ana rufin rumfa. Ganye zalla, ba kai ba saiwa, yana yin takin gargajiya idan an daddatsa an haɗa da kashin dabbobi a rami, ko a shimfiɗa shi a fegin tumatir da albasa ya riƙe laima. Dabbobi sukan ci sabon toho, amma idan ta tsufa ba ta da wani amfani a cikinsu, sai an haɗa da harawa ko dusa. A yankin Rosso na Muritaniya ana yin gawayin girki da ita. A nan gida ma, ƙarƙashin shirin gyaran noman rani na TRIMING da Bankin Duniya ya tallafa daga 2014, an gwada sarrafa ta ta zama abincin dabbobi da iskar gas ta girki a yankin Haɗeja.

Idan masu saƙa suna son a bar musu, a ware wuri ɗaya mai iyaka da turaku, nesa da magudana, da sharaɗin su riƙa datse kan kafin ya bushe. Amma kada ɗan kuɗin tabarma ya sa a manta da shinkafar da aka rasa.

Bayan an share

Lakar da aka buɗe fili ce, kuma irin kachala na nan cikinta yana jiran rana. Kada a bar ta haka. A dasa shinkafa a daminar nan, ko a dasa burugu a gefen mashaya, jema kuma a kan gaɓa. A naɗa mutum biyu ko uku su riƙa zagawa duk mako biyu zuwa uku. Sabon tsiro kamar ɗan ganyen albasa yake, da yatsa biyu ake cire shi kafin ya yi saiwar kwance. A rage abin da ke ciyar da ita: kada a watsa taki ana shirin ruwan sama, a binne shi a gindin shuka, a kawar da juji da turken dabbobi daga bakin tafki. A yashe kwalbati kafin damina, a cike ramukan da ba a amfani da su, a wanke garma da tayar tarakta idan sun fito daga fegin da ke da ita.

Ku sa a ranku aikin shekara uku ne. Shekarar farko ta yanka da tono ce, ta biyu ta bin ragowa, ta uku ta sa ido. Inda abin ya fi ƙarfin hannu, kamar babbar hanyar ruwa da laka ta cike, ƙungiya ta rubuta takarda ta hannun malamin gona zuwa sashen noma na ƙaramar hukuma da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. A haɗa da awon da aka yi, da yawan masu fegi, da ranakun da aka riga aka fita gayya. Takardar garin da ya fara da kansa ta fi nauyi a kan tebur.

Wannan makon, ka ɗauki sanda ka bi bakin fegenka da magudanar da ke kusa. In ka ga ko da gindi goma ne, ka tuge su yau, ka shanya saiwar a tudu, sannan ka kai maganar zaman ƙungiya mai zuwa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da garuruwanmu lafiya.